Black Coffee, DJ ɗin da ba ya gaggawa

A wajenmu idan aka ce DJ, wanda ke fara zuwa zuciyar mutane shi ne saurayin nan da ake ɗaukowa ranar biki da lasifikoki da janareta, ya kafa kwamfutarsa a gefen rumfa, ya yi ta sako waƙoƙin wasu yana katse su da kiran sunan uwar amarya da ƙawayenta domin a fito fili a yi liƙi. Sana'a ce mai rufin asiri, kuma ba na raina ta. Amma akwai wani nau'in DJ da aikinsa ya bambanta da wannan ƙwarai, wanda shi da kansa yake ƙirƙirar kiɗa a situdiyo, sannan ya hau dandali ya shafe sa'o'i yana saƙa kiɗe-kiɗe cikin juna ba tare da ya buɗe baki ya ce uffan ba, kuma dubban mutane su sayi tikiti saboda wannan saƙar kawai. A cikin masu irin wannan aiki, babu ɗan Afirka da ya yi nisa kamar Nkosinathi Maphumulo na Afirka ta Kudu, wanda duniya ta sani da suna Black Coffee. Abin da ya fi jan hankalina game da shi ba kyaututtukan da ya tara ba ne. A fagen da kowa ke ƙoƙarin ya fi ɗan'uwansa ƙara da sauri da hayaniya, shi da natsuwa ya yi fice, kuma wannan natsuwar tana da asali a tarihinsa da tarihin ƙasarsa.

An haife shi ranar 11 ga Maris 1976 a Umlazi, wata babbar unguwar baƙaƙen fata da ke gefen birnin Durban, amma ya tashi ne a Mthatha da ke yankin Gabashin Cape, a hannun kakarsa, wadda take da shanu, kuma kula da su da tatsarsu na cikin ayyukansa na yau da kullum. A watan Fabrairun 1990, lokacin da labari ya bazu cewa gwamnatin wariyar launin fata za ta saki Nelson Mandela bayan shekara 27 a kurkuku, jama'a suka fantsama kan tituna da dare suna waƙe-waƙe, shi ma yana cikinsu, yana yaro ɗan shekara 13. Wata motar haya ta afka cikin taron. Ya tsira da ransa, amma jijiyoyin da suka taso daga wuya suka bi ta kafaɗa zuwa hannu sun lalace, hannunsa na hagu ya daina aiki. Shi ya sa duk wanda ya kalli bidiyonsa zai ga hannun hagun a cikin aljihu, na daman kuma yana kai da komo a kan na'urori. Ya daɗe ba ya son a yi zancen wannan rauni, domin ba ya so a saurare shi don tausayi, kuma a ganina ya yi daidai, tunda masu sauraro da yawa sun kamu da son kiɗansa kafin su san da labarin.

Kiɗan da yake yi reshe ne na wanda ake kira house, wanda ya samo asali a gidajen rawa na birnin Chicago a Amurka a farkon shekarun 1980, a hannun DJ-DJ baƙaƙen fata irin su Frankie Knuckles. Ginshiƙinsa shi ne bugun babbar ganga guda huɗu a jere, daidai wa daida, ba ƙari ba ragi, kimanin bugu 120 a minti ɗaya, sai a ɗora sauran sautuka a kai. Faya-fayan wannan kiɗa sun shiga Afirka ta Kudu a ƙarshen zamanin wariya, matasan unguwanni suka rungume su. Wasu suka rage masa sauri suka ɗora masa kirari da harsunan gida, aka sami kwaito, wanda ya zama muryar matasan da suka balaga a lokacin 'yanci. Wasu kuma suka riƙe house ɗin a yadda yake, suna ƙara masa gishirin gida. A ƙasashen Turai kiɗan dare ne na masu zuwa kulob, amma a Afirka ta Kudu ya zama kiɗan kowa da kowa, ana jin sa a rediyo da rana tsaka, ana jin sa a ƙananan bas-bas na haya, inda direbobi ke gasar wanda ya fi sabon faifai. Saboda haka Black Coffee bai ari kiɗan baƙi ya kawo gida ba, a cikinsa ya buɗe ido.

Abin da ya raba shi da sa'o'insa tun farko shi ne karatu. Ya shiga Technikon Natal a Durban, makarantar da yanzu ta zama Jami'ar Fasaha ta Durban, ya karanci kiɗan jaz, ko da yake bai tsaya ya kammala ba. Ya yi wa dattijon makaɗin jita Madala Kunene amshi, sannan shi da abokansa biyu suka kafa ƙungiyar mawaƙa mai suna Shana. Wannan ya sa ya zo fagen DJ da kunnen mutumin da ya san yadda ake jera muryoyi su dace, ya san wace murya ce za ta zauna a kan wane kiɗa ba tare da sun yi karo ba. A 2003 aka zaɓe shi cikin mahalarta makarantar kiɗa ta Red Bull da aka gudanar a Cape Town, wadda take haɗa matasan masu haɗa kiɗa daga ƙasashe daban-daban, kuma daga nan ƙofofi suka fara buɗewa.

Kundinsa na farko ya fito a 2005 ɗauke da sunansa, kuma ya haɗa shi ne da manhaja mai sauƙi a kwamfuta, yana jera sautuka ɗaya bayan ɗaya da linzamin kwamfuta. Abin da ya tsaya wa mutane a rai a cikin kundin shi ne yadda ya sabunta "Stimela", tsohuwar waƙar Hugh Masekela, shahararren mai busa ƙaho, wadda ke ba da labarin jirgin ƙasa mai aiki da kwal da ke kwaso leburori daga Mozambik da Malawi da Lesotho da sauran ƙasashen yankin zuwa ramukan haƙar zinariya na Johannesburg. Waƙa ce ta baƙin ciki da fushi, irin wadda dattawa ke saurara su yi shiru. Ɗaukar irin wannan a kai ta filin rawa kasada ce, domin kuskure kaɗan zai mayar da ita abin wasa. Shi kuwa bai danne muryar dattijon da ganguna ba, bai kuma ƙara mata saurin da zai kore nauyinta ba, sai ya shimfiɗa mata kiɗa a ƙasa ya bar ta ta yi maganarta. Duk wanda yake so ya fahimci Black Coffee, daga nan ya kamata ya fara, domin abin da ya yi wa wannan waƙa shi ne ya ci gaba da yi shekara da shekaru: girmama murya, da barin sarari.

Kundi na biyu, Have Another One, ya biyo baya a 2007, na uku kuma, Home Brewed, a 2009, duka a ƙarƙashin kamfaninsa na Soulistic Music. A Home Brewed ne aka sami "Superman", wadda mawaƙiya Bucie ta rera, kuma ita ce ta fara tsallaka teku da sunansa. Idan mutum ya saurari ayyukansa na wannan zamani da kunnen basira, zai lura cewa kayan da ke ciki ba su da yawa. Akwai bugun gangar nan guda huɗu, amma mai taushi ne, ba ya dukan ƙirji. Akwai ƙananan ganguna da kacau-kacau da ke faɗowa a tsakanin bugun, ba a kansa ba, kuma su ne ke sa kafaɗa motsi tun kafin ƙafa ta ɗaga. Akwai amo mai kauri a can ƙasa da ke maimaita gajeriyar jimla guda, sai fiyano mai ɗanɗanon jaz da ke shigowa jefi-jefi, sai murya. Kiɗa ɗaya kan kai minti bakwai ko takwas, kuma a minti biyun farko kusan babu abin da ke faruwa sai ƙari kaɗan-kaɗan. Wanda ya saba da kiɗan kalangu ko na kotso ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin mu ma mun san cewa maimaici ba talauci ba ne, kuma daɗin yana cikin ɗan canjin da makaɗi ke sakawa a zagaye na goma, wanda ba a ji a zagaye na tara ba.

A daidai wannan lokaci kiɗan rawa na lantarki yana cin kasuwarsa a Amurka da Turai da wani salo na dabam, inda ake ta ɗaga sauti sama-sama har numfashin jama'a ya tsaya, sannan a sako shi gaba ɗaya da wuta da hayaƙi, kowa ya yi tsalle, bayan minti biyu a sake maimaitawa. DJ-DJ suna hawa kan tebur suna ihu a makirufo. Da Black Coffee ya so kuɗin gaggawa, da wannan hanya ya bi, kuma yana da ƙwarewar da zai iya. Bai bi ba. Hausawa na cewa sauri ya haifi nawa, kuma yawancin waɗanda suka yi tashe da wancan salo sun shuɗe tare da shi.

Aikinsa a kan dandali ya cancanci a dube shi kusa-kusa, domin a nan ne ake gane bambancin gwani da ɗan koyo. A gaban DJ akwai na'urorin kunna kiɗa, biyu ko uku ko huɗu, da kuma na'urar gauraya sauti a tsakiyarsu. Yayin da kiɗa ɗaya ke tashi a lasifika jama'a na rawa, shi yana sauraron na gaba a kunnensa, yana daidaita saurinsa har bugun gangunan biyu su faɗi a lokaci guda. Kafin ya shigo da sabon, sai ya murɗe masa amon ƙasa, domin idan amo mai kauri biyu suka haɗu sauti yakan dagule. Sai ya ɗaga shi a hankali, jama'a su fara jin wani sabon kacau-kacau ba su san daga inda ya fito ba. Idan an kai gaɓar da jimlar kiɗan ta cika, sai ya cire amon tsohon ya saki na sabon. Yawancin DJ-DJ da hannu biyu suke wannan musanya, ɗaya na rufewa ɗaya na buɗewa. Shi dole ya yi su a jere da hannu guda, cikin ƙiftawar ido, kuma dole ya riga ya tsara a kansa abin da zai taɓa na farko da na biyu da na uku. Ina kyautata zaton wannan lalurar tana cikin abin da ya sa gaurayarsa take da tsawo da santsi, ba ta da fizge-fizge. Yana kuma da ɗabi'ar ɗauko muryar wata sananniyar waƙa tsurarta, ba kiɗa, ya ɗora ta a kan wani kiɗan da ba nata ba, sai ka ga taron ya ɗauki amshi kafin ya ankara da abin da aka yi masa.

A 2010 ya tsaya a cibiyar kasuwanci ta Maponya da ke Soweto ya yi sa'a 60 yana kiɗa, domin jawo hankali ga gidauniyarsa ta taimakon masu buƙata ta musamman. An yi ta yayata wannan, amma ni abin da ya yi a shekarar da ta biyo baya ya fi burge ni. A 2011 ya shiga filin wasa na Moses Mabhida a Durban, wanda aka gina domin gasar cin kofin duniya ta 2010, ya tara mawaƙa da makaɗa da ƙungiyar masu goge da busa su 24, suka yi kiɗe-kiɗensa kai tsaye a gaban dubban mutane, aka naɗa aka fitar a 2012 da sunan Africa Rising. Ma'anar wannan a fili take. Akwai masu cewa kiɗan kwamfuta ba kiɗa ba ne, danne-danne ne kawai. Amsar da ya ba su ita ce ya miƙa abin da ya haɗa a kwamfuta ga makaɗa na haƙiƙa, kuma kiɗan ya tsaya da ƙafarsa. Kiɗan da ba shi da ƙashi ba ya jure wannan gwaji.

Daga 2015, shekarar da ya fitar da kundin Pieces of Me, al'amura suka ɗauki wani sauri. A 2016 ya karɓi kyautar gwarzon mawaƙin Afirka ta BET, tashar talabijin ta Amurka, ɗan Afirka ta Kudu na farko da ya samu. A 2017 mawaƙin Kanada Drake ya ɗauki kiɗan "Superman" ya gina wata waƙarsa a kai tare da Jorja Smith, ya kuma sa sunan Black Coffee a jiki, abin da ya kai shi kunnen miliyoyin da ba su taɓa jin house na Afirka ba. A wannan shekarar kuma ya sami zama na dindindin a gidan rawa na Hï da ke tsibirin Ibiza na ƙasar Sifaniya. Ga wanda bai san harkar ba, Ibiza ita ce babbar kasuwar wannan sana'a, inda manyan gidajen rawa ke ba DJ dare guda a kowane mako har tsawon lokacin zafi, shi ne mai gida a wannan dare, shi ke zaɓen waɗanda za su yi kiɗa kafin shi. An ba shi daren Asabar, kuma ya riƙe shi shekara bayan shekara. Ya yi amfani da wannan dama ya gayyato 'yan ƙasarsa da dama suka hau dandalin da a da ba sa ko mafarkinsa.

A watan Afrilun 2022, a Las Vegas, kundinsa na Subconsciously, wanda ya fito a 2021, ya ci kyautar Grammy a rukunin kiɗan rawa da na lantarki, kuma shi ne ɗan Afirka na farko da ya ci wannan rukuni. Rukunin yana da muhimmanci. Bisa al'ada, a wancan lokaci mawaƙan Afirka ana tara su ne a rukunin kiɗan duniya, inda Burna Boy ya yi nasara a 2021, inda kuma Angélique Kidjo ta sha yin nasara, wato wani ɗaki na gefe da aka keɓe wa duk wanda ba Bature ko Ba'amurke ba. Black Coffee ya kara ne da irin su Marshmello da Major Lazer a ɗakin da suke ganin nasu ne, ya kuma doke su. Bayan wata biyu Drake ya fitar da kundin Honestly, Nevermind, wanda Black Coffee na cikin jagororin haɗa shi, sannan a watan Oktoban 2023 ya cika zauren Madison Square Garden na New York, a nan ma da makaɗa da mawaƙa kai tsaye.

Sai dai zan faɗi ra'ayina ko da ba zai yi wa masoyansa daɗi ba: kundin da ya ci Grammy ba shi ne mafi kyawun aikinsa ba. Subconsciously cike yake da manyan baƙi, su Pharrell Williams da Usher da Diplo, an goge shi tas, waƙoƙin sun gajarta domin su dace da rediyo da manhajojin sauraro, kuma kusan duka da Turanci aka rera. Yana da daɗin ji, ba shakka, amma idan ka ajiye shi kusa da Home Brewed za ka ji an rage wani abu, wato ƙurar unguwa da ɗan kaushin nan da ke nuna cewa wannan kiɗa daga wani wuri takamaimai ya fito. Masu kare shi za su ce ɗan Afirka ba dole ba ne ya riƙa yawo da ganga a kafaɗa kafin a yarda ɗan Afirka ne, kuma shi kansa ya sha nuna cewa ba ya son a killace shi a akwatin "kiɗan Afirka". Hujja ce mai ƙarfi, na kuma yarda da rabinta. Rabin da ban yarda da shi ba shi ne a ce ba a biya komai ba wajen shiga wancan ɗaki. An biya, kuma kunne yana jin abin da aka bayar.

A gida kuwa matasa ba su tsaya jiransa ba. Durban ta haifar da gqom, kiɗa mai duhu da tsalle-tsalle wanda ya watsar da bugun nan guda huɗu. Unguwannin Johannesburg da Pretoria suka haifar da amapiano, mai tafiyar hawainiya da wani amo mai gurnani, wanda ya mamaye nahiyar har ya shiga waƙoƙin Davido da Asake, ya kuma iso lasifikokin bikinmu. Mutane da yawa a nan suna haɗa Black Coffee da amapiano saboda ƙasarsu ɗaya, alhali ba shi yake yi ba, bai kuma yi tsalle ya faɗa cikinsa ba lokacin da ya zama abin yayi. Ya ci gaba da abin da yanzu ake kira afro house, kuma ga shi salon ya zama ruwan dare a wuraren shaƙatawa na bakin teku daga Girka zuwa Dubai zuwa Meziko.

Wannan yaɗuwar ta zo da nata ƙalubalen. Yanzu masu haɗa kiɗa a Berlin da Paris suna fitar da afro house da yawa, wasunsu gwanaye ne na gaske, kamar ƙungiyar Keinemusik ta Jamus, wadda shi kansa ya yi aiki da ita. Amma a bayansu akwai tarin masu kwaikwayo da suka ɗauka salon bai wuce kacau-kacau da wata murya da ke rera harshen da su kansu ba su sani ba, wadda suka saya a intanet cikin tarin sautukan da aka riga aka naɗa. Sau da yawa ba a ko rubuta sunan mai muryar. A kundayen Black Coffee na farko, muryoyin na mutane ne sanannu, irin su Masekela da marigayiya Busi Mhlongo, waɗanda ya girma yana ji, ya san abin da suke faɗa, ya kuma sa sunayensu a jikin faifai kusa da nasa.